Ra'ayinmu: Deliget ɗin wanda ya faɗi ba fursunan yaƙi ba ne

Duk sa'ad da aka kammala zaɓen fidda gwani, idon jama'a yana kan mutum biyu: wanda aka ɗaga hannunsa da wanda ya sha kaye. Na farko ya yi godiya ga Allah da iyayen jam'iyya, na biyu a jira a ji ko zai rungumi ƙaddara ko zai garzaya kotu. Ba mai tambayar halin mutumin da ya taso daga Jangeru ko Dauran ko Kurya, ya biyo hanyar da kowa ya san hatsarinta, ya kwana a Gusau, ya jefa ƙuri'arsa ga wanda bai kai labari ba, sannan ya koma gida. Abin da ke jiran wannan mutum a gida shi ne abin da muke son magana a kai.

'Yan siyasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun san salon, domin ba baƙo ba ne a kowace jam'iyya. Da farko za a daina kiransa taro. Idan ya ji labari ya zo, a ce ai wannan zama na masu ruwa da tsaki ne. Idan aka kawo taki gab da damina, ko shinkafar azumi, ko ɗan kuɗin ejan ranar zaɓe, sai sunansa ya ɓace daga takarda, alhali yana nan daram a matsayinsa na sakataren gunduma ko shugaban matasa. In ya yi ƙorafi, a ce ɗan anti-fati ne. In ya matsa, wasu mutum bakwai su taru a zauren wani su sa hannu a takardar dakatarwa, ya ji hukuncinsa a rediyo ko a Facebook kamar yadda kowa ya ji. Laifinsa ɗaya: jam'iyya ta sayar wa mutum huɗu fom, ta tantance su, ta ce duk sun cancanta, ta ce masa ya zaɓi ɗaya, shi kuma ya zaɓa.

Da a wata jiha ne, sai a ce wannan ƙorafin 'yan hamayya ne kawai. Amma Zamfara ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da tsadar da ba wata jiha da ta biya. Tun daga tarukan zaɓen shugabannin APC na shekarar 2018 jam'iyyar ta dare gida biyu, kowane gida da nasa shugaban da nasa jerin sunaye. A gefe ɗaya akwai Gwamna Abdul'aziz Yari, wanda ya tsayar da kwamishinansa na kuɗi, Mukhtar Shehu Idris. A ɗaya gefen akwai masu neman takara takwas da aka yi wa laƙabi da G8, ciki har da Sanata Kabiru Garba Marafa da mataimakin gwamna Ibrahim Wakkala da Dauda Lawal. Zamfara ta Arewa ba 'yar kallo ba ce a wannan rikici. Tsohon gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi yana cikin takwas ɗin, haka ministan tsaro na lokacin Mansur Ɗan-Ali daga Birnin Magaji, haka Aminu Sani Jaji mai wakiltar Ƙaura Namoda da Birnin Magaji a majalisar wakilai. Shugaban jam'iyya na ɓangaren gwamnati kuma, Lawal M. Liman, mutumin Ƙaura ne. Wato a cikin gari ɗaya, unguwa ɗaya, wani lokaci gida ɗaya, aka raba mutane gida biyu.

Wa'adin da hukumar zaɓe ta INEC ta bayar na kammala zaɓen fidda gwani ya cika ranar 7 ga Oktoba, 2018. Kwamitocin da uwar jam'iyya ta aiko daga Abuja ba su iya kammala aikin ba. Ɓangaren gwamna ya ce ya yi nasa zaɓen, ɗaya ɓangaren ya ce ba a yi komai ba, INEC kuma ta rubuta wa APC cewa ba ta sa ran karɓar sunan kowa daga Zamfara. Aka shiga kotuna. Babbar kotun jiha a Gusau ta ce an yi zaɓe, aka sa sunayen 'yan APC a ƙuri'a, suka lashe komai. Mukhtar Shehu Idris ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya samu 189,452. A watan Maris na 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta rushe hukuncin Gusau. Ranar 24 ga Mayu, saura kwana biyar a rantsar da sabuwar gwamnati, Kotun Ƙoli ta yanke cewa APC ba ta yi halastaccen zaɓen fidda gwani ba, don haka ba ta da ɗan takara, ƙuri'un da aka jefa mata kuma sun tashi a banza. Kujerar gwamna, kujerun sanata uku, na wakilai bakwai, da na majalisar jiha 24, duk suka suɓuce wa jam'iyyar a rana ɗaya. A Zamfara ta Arewa, Sanata Tijjani Yahaya Ƙaura ya rasa kujerar da aka riga aka bayyana ya ci, ta koma hannun Sahabi Alhaji Ya'u.

Jam'iyyar da ke da rinjayen da ya kusa ninka na abokiyar hamayyarta sau uku, ba PDP ce ta kayar da ita ba. Mutanen da ta ɗauka ba su da nauyi, waɗanda aka ce ko sun tafi ba za a ji ba, su ne suka riƙe zaren shari'ar har ƙarshe. Kuma ɗaya daga cikin takwas ɗin nan, Dauda Lawal, shi ne ya koma PDP ya ci kujerar gwamna a 2023 da ƙuri'a 377,726, ya kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle, wanda ya riga ya koma APC. Irin haka ta faru a Ribas a 2019, inda rikicin Rotimi Amaechi da Magnus Abe ya hana APC tsayar da ɗan takara ko ɗaya a matakin jiha.

PDP ma ba ta da bakin yi wa kowa dariya. Zaɓen fidda gwanin da ya ba Dauda Lawal tuta a watan Mayu na 2022, abokan takararsa, ciki har da Ibrahim Shehu Gusau, sun kai shi kotu. Babbar Kotun Tarayya da ke Gusau ta soke shi a watan Satumba, aka sake wani, ta sake soke shi a Nuwamba, har ta ce jam'iyyar ba za ta tsayar da kowa ba. Sai da aka je Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli, kafin tutar ta tabbata, ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓe. Da ƙyar ta sha, saura ƙiris abin da ya ci APC ya ci ta.

Adalci ne a saurari ɓangaren waɗanda suka yi nasara, domin suna da hujja. Suna cewa siyasa hidima ce, kuma wanda ya sha rana da kai shi ya fi cancanta ya sha inuwa. Mutumin da ya sayar da shanunsa ya yi maka yaƙi, ya sha zagi da jifa, yaya za a zaunar da shi kujera ɗaya da wanda jiya yake yawo da lasifika yana cin mutuncinka? Idan ka daidaita su, gobe ba wanda zai sake tsaya maka. Suna kuma cewa zagon ƙasa gaskiya ne, ba ƙage ba. Akwai wanda za ka jawo shi cikin kwamitin yaƙin neman zaɓe, ya karɓi kuɗin mai da na ejan, da rana yana ɗaga tutarka, da dare yana kai rahoto gidan abokin hamayya. Sun kawo misalin gwamnonin PDP biyar da suka juya wa Atiku Abubakar baya bayan ya kayar da Nyesom Wike da ƙuri'a 371 da 237 a watan Mayu na 2022. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba mu ce ɗan takara ya miƙa sirrin tafiyarsa ga wanda bai amince da shi ba.

Shi kansa deliget ba waliyyi ba ne, kuma ba za mu ɓoye wannan ba. Dokar zaɓe ta 2022 ta hana shugabanni da 'yan majalisa da sauran masu kujerar gado jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani, ta bar ta ga wakilan da aka zaɓa musamman don wannan aiki. Majalisar Tarayya ta yi gyara cikin gaggawa, Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Sai ga shi a jihar da ke da gundumomi 147, jam'iyyar da ke ɗaukar mutum uku daga kowace gunduma ta damƙa makomar tutar gwamna a hannun mutanen da ba su kai 500 ba. Kowa ya ga abin da ya biyo baya a faɗin ƙasa. An killace wakilai a otal, an karɓe musu waya, an rantsar da wasu da Alƙur'ani. Wasu sun karɓa a hannun kowane ɗan takara, suka rantse wa kowa. A Kaduna, Sanata Shehu Sani ya ce ba zai ba deliget ko sisi ba, ya tashi da ƙuri'a biyu. An kuma ga 'yan takarar da suka faɗi suna bin wakilai gida gida a mayar musu da kuɗinsu. Wanda ya mai da ƙuri'arsa haja ya rage wa kansa hakkin kuka idan an wulaƙanta shi.

Sai dai a lura da wani abu mai ban takaici. Wanda ya karɓa a ko'ina ya zaɓi mai nasara, shi ne ke kan gaba a rabon muƙami. Wanda ake hukuntawa shi ne wanda ya riƙe alkawari, ya tsaya da gwaninsa ko da ya ga alamar faɗuwa. Jam'iyyar da ke yin haka tana koya wa 'ya'yanta cewa riƙon amana wauta ce, kuma hikima ita ce ka leƙa inda gwamnati ta karkata kafin ka ɗaga hannu. Bayan zagaye biyu ko uku na irin wannan tarbiyya, ba za a samu mutum ɗaya a gunduma da zai iya gaya wa shugaba gaskiya ba. Ranar da iska ta juya kuwa, duk za su bi ta, domin abin da aka koya musu ke nan.

Hujjar zagon ƙasa ma, idan aka bi ta a hankali, sau da yawa an sa keke gaban doki. Mutum ba ya kwana ɗan jam'iyya ya tashi maƙiyinta haka kawai. Ana rufe masa ƙofa ne tun daren zaɓen fidda gwani, a yi wata biyu ba wanda ya taka gidansa, yaran mai nasara suna masa habaici a majalisa da wajen ɗaurin aure, sannan abokan hamayya su zo da girmamawa su gaishe shi. Idan ya amsa gaisuwar, a ce kun gani, dama mun faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Game da gwamnonin PDP biyar ɗin ma, ko me mutum zai ce game da halin Wike, jam'iyyar ta yi watanni tana da damar sulhu ba ta yi ba, ta kuma faɗi zaɓe.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda ake raba asara. Manya suna faɗa, manya suna shiryawa. Yari da Marafa, waɗanda shari'arsu ta kai APC ƙasa a 2019, sun dawo inuwa ɗaya bayan Matawalle ya shigo jam'iyyar a watan Yuni na 2021 aka rushe shugabanninta aka ce shi ne jagora. Kafin zaɓen 2023 kuma su ukun suka sasanta: Matawalle ya riƙe tutar gwamna, Yari ya karɓi ta sanatan yamma, Marafa ta tsakiya. Ba laifi ba ne su shirya, sulhu alheri ne. Amma wa ya koma Moriki ko Galadi ko Kasuwar Daji ya sasanta 'yan'uwan da suka daina gaisawa saboda su? Wa ya mayar wa shugaban gundumar da aka tsige kujerarsa? Manya suna da gida a Abuja da Kaduna, suna haɗuwa a jirgi da Umara. Talakan da ya yi musu faɗa yana nan a gari ɗaya da wanda ya ɓata da shi, masallacinsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, kasuwar Alhamis ta Shinkafi ɗaya.

A wannan yanki kuwa gaba ba abin wasa ba ce. Mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura sun shafe shekaru suna binne 'yan'uwa, suna biyan kuɗin fansa da harajin noma ga 'yan bindiga. Sun ga lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwanni a 2021. Garin da ke cikin wannan hali yana buƙatar mutanensa su iya zama wuri ɗaya su yi shawara, su yarda da juna a kan wa ya shigo da wa ya fita. Idan aka raba gari gida biyu saboda tutar ɗan majalisa, har tallafin 'yan gudun hijira ya zama sai an duba wa ka zaɓa a Gusau, to an ƙara wa mutane masifa a kan masifa. Matar da aka kashe wa miji ba ta san deliget ba. Hatsin gwamnati hakkinta ne ko da ƙanin mijinta yaron wanda ya faɗi ne.

Ba a rasa misalin yadda ake yi da kyau ba. A taron NPN na 1978 Alhaji Shehu Shagari ya yi takara da Maitama Sule da Adamu Ciroma. Da ya ci zaɓe, Ciroma ya zama minista a gwamnatinsa, Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, kuma ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanensu suka ci gaba da zama 'yan gida. A watan Disamba na 2014, a zaɓen fidda gwanin APC a filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas, Buhari ya samu ƙuri'a 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954. An ƙirga a bainar jama'a, waɗanda suka faɗi suka amince, wakilansu suka koma jihohinsu suka yi wa jam'iyya aiki, ta kayar da gwamnati mai ci a karon farko a tarihin ƙasar nan. Abin da ya sa aka iya haɗiye kayen shi ne kowa ya ga an ba shi dama ya gwada ƙarfinsa. Mutum yana jure faɗuwa a fili. Abin da ba ya jurewa shi ne a ce ya faɗi a zaɓen da ba a yi ba.

Wasu za su ce maganin abin shi ne a soke deliget gaba ɗaya, a koma 'yar tinƙe ko masalaha. Muna tunatar da su cewa rikicin Zamfara na 2018 bai tsaya kan wakilai kawai ba, ya shafi wane ne ɗan jam'iyya, wa ke riƙe da rajista, wa zai tsaya a kan akwati. A 'yar tinƙe, musamman idan ƙato bayan ƙato ne, kowa yana ganin layin da ka tsaya, ramuwar gayya ta fi sauƙi. Masalaha kuwa, dokar 2022 ta sharɗanta mata rubutacciyar amincewar duk waɗanda aka tantance, amma an sha ganin ɗauki-ɗora sanye da rigarta. Kowace hanya aka bi, akwai wanda zai faɗi, akwai kuma mutanen da suka bi shi.

Hukuncinmu shi ne, laifin ya fi yawa a wuyan mai nasara da shugabannin jam'iyya, domin su ke riƙe da ƙofa. Ɗan takara yana da 'yancin zaɓar wanda zai riƙe masa kuɗi da sirri. Ba shi da 'yancin tsige zaɓaɓɓen shugaban gunduma saboda ƙuri'ar da ya jefa. Sashe na 223 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa jam'iyyu su riƙa zaɓen shugabanninsu ta hanyar dimokuraɗiyya, kuma kujerar da aka samu da zaɓe tana da wa'adi. Duk wanda ake zargi da anti-fati a rubuta masa laifinsa, a kira shi ya kare kansa a gaban kwamitin da ba yaran mai ƙara ba ne, a kawo shaida. Idan ta tabbata a hukunta shi, ba za mu ce uffan ba. Zaɓen abokin takara a cikin gida kuwa ba ya cikin laifuffukan da kundin kowace jam'iyya ya lissafa.

Muna kuma ganin a liƙa sunayen wakilai ko rajistar 'yan jam'iyya a ofishin kowace gunduma kwanaki kafin zaɓe, yadda ba za a sauya su a mota tsakanin Ƙaura da Gusau ba. Ƙuri'a ta zama a asirce da gaske, ba mai leƙe, ba ɗaukar hoto da waya. Kafin a jefa ƙuri'ar farko, duk masu takara su sa hannu a gaban dattawa cewa wanda ya ci zai ba mutanen sauran gurbi a kwamitin yaƙin neman zaɓe tun daga gunduma, wanda ya faɗi kuma zai fito ya ɗaga hannunsa idan an yi zaɓen bisa ƙa'ida. Wanda ya faɗi a zaɓe na gaskiya ya ci gaba da hura wuta, shi ma ya zalunci yaransa, domin su za su zauna da gabar bayan shi ya shirya. Kayan gwamnati kuma, taki ne ko hatsi ko gurbin aiki, a cire su daga hannun 'yan jam'iyya baki ɗaya.

Ga sanatan Zamfara ta Arewa, da 'yan majalisar wakilai biyu na yankin, da shugabannin jam'iyyu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji: kafin a buɗe sayar da fom na gaba, ku ɗauko takardun dakatarwar da ke ofisoshinku ku duba su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ba a samu wani laifi a kansa ba sai zaɓen wani ɗan takara, ku janye takardar, ku mayar da shi kujerarsa, ku sanar a rediyo kamar yadda aka sanar da korarsa.